Jitar Da Kamfani Ya Yar, Masoya Suka Tsince: Yadda Ake Farautar Fender Jaguar

A shekarar 1975 kamfanin Fender na ƙasar Amurka ya daina ƙera wata jitar lantarki mai suna Jaguar, kuma babu wanda ya ɗaga murya a kan haka. Shekara 13 kafin nan, lokacin da ta fara fitowa a 1962, ita ce sarauniyar kayan kamfanin. Dala 379.50 ake sayar da ita, ta fi Stratocaster tsada, wadda a yau duniya ta fi sani. Amma kafin a kai tsakiyar shekarun 1970 ta koma rataye a shagunan jingina tana shan ƙura, mai shago na roƙon a ɗauka ko da faɗuwa zai yi.

Yau kuwa magana ta sauya. Akwai magidanta a Amurka da Turai da Japan da ke kwana a gaban waya suna leƙen shafukan sayar da tsofaffin kaya, ko Allah zai sa su yi kiciɓis da Jaguar ta 1964 mai kalar da suke so. Duk wanda ya taɓa zagaye kasuwa yana neman wata atamfa da aka daina bugawa, ko ya kafe sai ya samu Fijo 504 irin ta mahaifinsa, ya san wannan ciwon. Bambancin kawai shi ne, mai neman jita idan ya samu ba ya tsayawa nan. Hannunsa zai fara ƙaiƙayi, ya ɗauko sukundireba. A nan rigimar take, domin kwaskwarimar da ta dawo da martabar wannan jita ita ce kuma ke iya zubar da rabin kuɗinta a yini ɗaya.

Yadda sarauniya ta faɗo

Leo Fender, wanda ya kafa kamfanin a garin Fullerton da ke jihar Kalifoniya, ba makaɗi ba ne. Mai gyaran rediyo ne, kuma da idon mai gyara ya kalli jita. Maimakon ya manne wuya da gangar jiki da gam kamar yadda sauran maƙera ke yi, sai ya ɗaure su da sukuru huɗu, yadda idan wuya ya lalace za a kwance a sa wani. Mai karatu ya riƙe zancen sukurun nan huɗu, don za mu sake cin karo da su.

Jaguar ta zo da kayan ƙawa da yawa. Tsawon tsirkiyarta inci 24 ne, ya gaza na Stratocaster mai inci 25 da rabi, don haka ta fi daɗin kamu ga mai ƙananan yatsu. Gabanta cike yake da faranta masu ƙyalli da maɓallai birjik, kai ka ce gaban motar alfarma. Muryarta siririya ce mai kaifi, tana fita tas kuma ta mutu da wuri. Wannan murya ta dace da kiɗan samarin bakin teku na Kalifoniya da ake yayi a lokacin, har Carl Wilson na ƙungiyar Beach Boys ya riƙe ta.

Sai yayi ya juya. A Janairun 1965 Leo Fender ya sayar da kamfaninsa ga CBS a kan dala miliyan 13. A ƙarshen shekarun 1960 kuma kunnen matasa ya koma kan sauti mai kauri da ke jan numfashi, irin wanda Jimi Hendrix ke fitarwa da Stratocaster, da wanda Eric Clapton ya fitar da Les Paul ta kamfanin Gibson. Jaguar ba ta iya wannan ba. Ciniki ya yi ta ja da baya har aka rufe babinta. Yayarta Jazzmaster, wadda ta fito tun 1958 kuma suke kama a ƙira, ta ɗan ƙara shekaru kafin ita ma a daina ta.

Waɗanda suka tsince ta

Ba masu kuɗi ne suka ceci waɗannan jitoci ba. Samari ne da aljihunsu bai kai ga Stratocaster ba. Tom Verlaine na ƙungiyar Television a birnin New York ya rungumi Jazzmaster, haka ma Elvis Costello na Ingila, wanda ya fito riƙe da ita a bangon faifansa na farko a 1977. J Mascis na ƙungiyar Dinosaur Jr. ya sha ba da labarin cewa Stratocaster ya je saye, kuɗinsa suka gaza, ya dawo gida da tsohuwar Jazzmaster. Da yake da arha suka saya, ba su ji tsoron taɓawa ba. Suka fafe katako, suka yanke wayoyi, suka cire maɓallan da ke ba su haushi suka liƙe ramin da salatif.

Wanda ya fi kowa tashin farashinta shi ne Kurt Cobain na ƙungiyar Nirvana. Bahago ne, kuma jitar bahago mai kyau da arha wuyar samu gare ta, don kaɗan ake ƙerawa. A 1991, dab da fitowar faifansu Nevermind, ya samu wata Jaguar ta bahago ƙirar 1965 ta hanyar ƙananan tallace-tallacen wata jarida a Los Angeles. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ba shi ya yi mata aikin ba. Ya same ta ne wani ya riga ya cire maɗaukan sautinta na asali ya sa na kamfanin DiMarzio masu ƙarfi, ya ƙara maɓalli, ya sauya tsarin wayoyin. A ma'aunin dillalan kayan tarihi wannan jita ta lalace. Amma da ita aka zagaye duniya.

Cobain ya rasu a Afrilun 1994. A 2011 Fender ta fitar da sabuwar Jaguar mai sunansa, ta kwaikwayi duk ɓarnar da aka yi wa waccan, har da goge-gogen fenti, tana sayarwa a matsayin sabon kaya. A Mayun 2022 kuma aka yi gwanjon wata jitarsa, Fender Mustang ta 1969 da ya riƙe a bidiyon waƙar Smells Like Teen Spirit, aka saye ta a kan kusan dala miliyan 4.5. Mustang ɗin nan fa tun asali don ɗalibai masu koyo aka ƙera ta.

Kafin ka miƙa kuɗi

Da can farautar a ƙafa ake yin ta, daga shagon jingina zuwa wani. Har yanzu akwai masu zuwa titin Denmark a Landan ko unguwar Ochanomizu a Tokyo, inda shagunan jita ke jere. Amma yawancin cinikin ya koma intanet, a eBay da kuma Reverb, kasuwar kayan kiɗa da aka buɗe a Chicago a 2013. Wannan ya sauƙaƙa nema, ya kuma sauƙaƙa cuta, domin hoto ba ya faɗin komai sai abin da mai ɗaukarsa ya so.

Ga inda sukurun nan huɗu suka dawo. Tun da ana kwance wuya a sa wani, to ana iya haɗa wuyan 1963 da gangar jikin da aka sassaƙa shekara goma da suka wuce, a ɗaura musu farantin ƙarfe mai tsohuwar lamba, a ce maka ga jitar kakanni. A wancan zamani Fender a kan wannan farantin na bayan wuya take buga lambar kaya. Daga 1963 zuwa 1965 lambar kan fara da harafin L, daga ƙarshen 1965 kuma sai aka riƙa zana babban harafin F a farantin. Sai dai faranti abu ne da ake sayarwa shi kaɗai a kasuwa. Wanda ya dogara da lambar faranti kaɗai ya sayi jita, ya sayi sa ne a cikin ruwa.

Masu ido sukan nemi a kwance wuyan a ɗauko musu hoton gindinsa. A can akwai hatimin tawada, misali "1 MAR 64 B". Baƙo zai ɗauka 1 ga Maris ake nufi, alhali ba haka ba ne. Lambar farko alamar samfuri ce: 1 na nufin Jaguar, 2 Stratocaster, 3 Telecaster, 4 Jazzmaster. Sai wata da shekara, sannan harafin ƙarshe ya nuna faɗin wuyan, B kuma shi ne wanda aka fi yi. Idan aka ce maka Jaguar ce ta 1964 amma ka ga 4 a farkon hatimi, ka san akwai magana.

Shaida ta biyu tana cikin ciki, a bayan 'yan na'urorin da ake murɗawa a ƙara ko a rage sauti. Kowacce na ɗauke da lamba. Uku na farko sunan maƙerin ne, 137 na kamfanin CTS, 304 na Stackpole. Sauran kuma shekara ce da mako. Wato 1376512 na nufin mako na 12 na 1965. Wannan lamba ba ta cewa a ranar aka haɗa jitar, abin da take cewa shi ne jitar ba za ta girmi ranar ba, in dai ba a sauya na'urar ba. An san Fender ta sayi tulinsu a 1966 ta yi shekaru tana amfani da su, don haka ganin 66 a jitar 1968 ba abin tayar da hankali ba ne. Sannan a dubi dalmar da aka haɗa wayoyin da ita. Tsohuwar dalma ta dusashe, sabuwa tana ƙyalli, kuma ƙyallin na nufin wani ya shiga wurin.

Ƙirar wuyan ita ma tana magana. Jaguar ta farko ɗige-ɗige ne a kan allon yatsunta. A wajajen ƙarshen 1965 aka yi wa gefen allon farin layi, a 1966 kuma ɗigon ya koma manyan murabba'ai. Fenti kuwa shi ne wurin da aka fi yin kuka. Launuka na musamman irin na motoci, ja mai sheƙi ko shuɗi, sun fi launin da aka saba tsada nesa ba kusa ba, shi ya sa ake samun masu kankare tsohon fenti su fesa mai tsadar. Ƙwararru kan haska fitila mai shuɗin haske a ɗaki mai duhu, don tsohon fenti da sabo ba sa amsa hasken iri ɗaya. A wajen dillalai, jitar da aka sake wa fenti takan rasa kusan rabin kuɗinta komai kyan aikin.

Akwai kuma maganar kwastan, wadda masu saye daga wata ƙasa kan manta. Allon yatsun Fender na farkon shekarun 1960 da wani katako na ƙasar Brazil aka yi shi, wanda tun 1992 yarjejeniyar CITES ta sa shi a jerin itatuwan da aka fi tsaurara cinikinsu tsakanin ƙasashe. Tsallaka iyaka da irin wannan jita don ciniki sai da takardun da ke nuna ta girmi dokar, in ba haka ba ana iya riƙe ta. Wannan yarjejeniya ba baƙuwa ba ce gare mu, don tun 2017 madobiyarmu ma, wadda aka yi ta sarewa a Taraba ana lodawa zuwa ƙasar Sin, ta shiga cikin jerin itatuwan da take sa wa ido.

Na ga ya dace in faɗi wannan, tun da mujallar iyali ce: tsohuwar Jaguar ta asali a yau kuɗinta dubban daloli ne. Mai sha'awa ya shawarci uwargida kafin ya danna maɓallin biya, kuma kada ya yaudari kansa da cewa jari ne. Jari ne ga wanda ya iya karanta hatimi da dalma. Ga wanda bai iya ba, caca ce.

Daga jaki ake farawa

To, ta iso gida. Kusan duk wanda ya fara kaɗa tsohuwar Jaguar da ƙarfi zai ci karo da matsala ɗaya: tsirkiya ta zame daga mazauninta, ga kuma wani ƙaran ƙarafa kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Laifin na jakin ne, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a kansa, kamar ɗan itacen da masu garaya ke kafawa a kan fata. Leo Fender ya tsara shi ne don tsirkiyoyi masu kauri na zamaninsa. Mazaunin kowace tsirkiya ɗan ƙarfe ne mai zare-zare marasa zurfi, sannan tsirkiyar ba ta danna shi sosai saboda inda aka ɗaure ta yana can baya da nisa. Da aka koma yayin siraran tsirkiyoyi, sai nauyin da ke riƙe komai ya ragu. Shekara da shekaru ana zagin jitar a kan laifin da rabinsa na masu ita ne.

Maganin farko ba ya cin kuɗi sosai. A sa tsirkiyoyi masu ɗan kauri. A kwance wuya a cusa siririn katako a mazauninsa don ya ɗan karkata baya, sai a ɗaga jakin sama, tsirkiya ta danna shi da kyau. Wasu kan ɗauko jakin Mustang su sa, don yana shiga ramukan daidai kuma mazauninsa rami ɗaya ne mai zurfi. Masu hali kan sayi na kamfanin Mastery na Amurka ko Staytrem na Ingila, waɗanda aka ƙera musamman don wannan ciwo. Johnny Marr na ƙungiyar The Smiths ya yi shekaru yana irin waɗannan gyare-gyare, har Fender ta fitar da Jaguar mai sunansa a 2012 da gyaran nasa a jiki. Kyan duk wannan shi ne ana iya mayar da komai yadda yake cikin awa guda.

Maɗaukin sauti shi ne inda ake ƙetare layi. Jitar lantarki ba ta da ƙoƙon da ke amsa amo. Maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa sai ya haifar da 'yar wutar da amfilifaya ke mayarwa sauti. Na Jaguar naɗi ɗaya ne, siriri, an kewaye shi da wani ƙarfe mai haƙora don rage gurnanin lantarki. Mai son murya mai kauri irin ta Nirvana zai so mai tagwayen naɗi, wanda Seth Lover ya ƙirƙiro wa Gibson a shekarun 1950. Matsalar ita ce ya fi ramin faɗi. Kafin ya shiga sai an fafe katako, katakon da aka fafe kuwa ba ya dawowa.

A ganina hukuncin a fili yake. Jitar da ta shekara sittin ba wanda ya taɓa dalmarta, a bar ta yadda take. Ba don tana da tsarki ba, sai don irinta ba ta ƙaruwa, kuma akwai hanyoyi da yawa na samun wannan muryar ba tare da an yanka ta ba. Ana ƙera masu tagwayen naɗi sirara da ke shiga ramin asali. Akwai tsofaffin da wani ya riga ya fafe ko ya sake wa fenti tun shekarun 1980, ana sayar da su da rahusa, kuma su ne daidai ga mai son kaɗawa. Akwai waɗanda Fender ta Japan ta fara sake ƙerawa tun tsakiyar shekarun 1980, da na Amurka da suka dawo a 1999, da na Squier, ƙaramin sunan kamfanin mai sauƙin kuɗi. A kan waɗannan mutum ya yi duk gwajin da ransa ke so. Duk abin da aka cire kuma, ko da sukuru ɗaya ne, a zuba a leda a rubuta a ajiye cikin akwatin jitar. Ranar sayarwa wannan ledar kuɗi ce.

Wanda zai kawo irin wannan jita ƙasarmu ya tuna da hunturu. Busasshiyar iska na sa katakon wuya ya tsuke, bakin ƙarafan da ke kan allon yatsu su fito suna yankan hannu, tsohon fenti kuma ya tsage. A akwatinta ya kamata ta kwana, nesa da taga. Jitar kanta ba a jona ta da wutar bango, amma tsohuwar amfilifayar Amurka wutar 120 take sha, tamu kuwa ta ninka haka, sai da na'urar rage wuta.

Motar da aka sace

Babu labarin da ke nuna abin da kwaskwarima ke mayar da jita kamar na ƙungiyar Sonic Youth ta New York. Thurston Moore da Lee Ranaldo sun tara tsofaffin Jazzmaster da Jaguar da Mustang tun suna arha. Sukan cire yawancin maɓallai su bar na ƙara sauti kawai. Ranaldo ya riƙa ciro manyan maɗaukan sauti daga Telecaster Deluxe yana dasawa a Jazzmaster. Wani lokaci har sandar ganga ko sukundireba suke cusawa ƙarƙashin tsirkiya don su samu wani amo. Kowace jita da yadda aka ɗaure tsirkiyoyinta, wasu waƙoƙin ma da jita ɗaya tak ake iya kaɗa su.

A Yulin 1999 suna rangadi a gundumar Orange ta Kalifoniya aka sace motar da ke ɗauke da kayansu gaba ɗaya. A kasuwa yawancin jitocin ba su da wata daraja, don an fafe su, an huda su, an liƙa musu takardu. Amma ga masu su babu shagon da za a je a sayo madadinsu. Ranaldo ya watsa jerin kayan a intanet yana neman taimako, ƙungiyar kuma ta koma ta haɗa faifanta na gaba da wasu kayan dabam.

Masoyansu ba su daina dubawa ba. Sun haddace kowane tabo da kowane rami daga hotunan wasanni, kuma waɗannan tabban ne suka tona asiri, don babu wata jita a duniya da ke da irinsu. A 2012, bayan shekara 13, aka gane biyu daga cikin Jazzmaster ɗin lokacin da aka fito da su kasuwa, aka mayar wa Moore da Ranaldo kayansu. Sai dai a lokacin babu ƙungiyar da za ta kaɗa su. A Oktoban 2011 Moore da matarsa Kim Gordon, wadda ita ma 'yar ƙungiyar ce, sun sanar da rabuwarsu bayan shekara 27 da aure, kuma a watan Nuwamba suka yi wasansu na ƙarshe a jihar Sao Paulo ta ƙasar Brazil.